Wuta ce ta cinye manyan gidajen karkarar Ailan, ko ƙasa ce ta suɓuce musu?

Bazazzagi77:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana tarihin Turai ce. Duk wanda ya duba hotunan karkarar Ailan zai ga kangayen manyan gidaje, bene hawa uku, tagogi a jere, babu rufi, itatuwa sun tsiro a tsakiyar falo. Abin da aka fi faɗa shi ne 'yan IRA, wato mayaƙan 'yan kishin Ailan, su ne suka ƙone su lokacin yaƙin neman 'yanci. Ni dai bayanin bai gamsar da ni ba. Gidajen nan sun kai dubbai. Wuta ce kaɗai ta gama da su, ko akwai abin da ya riga wutar?

Malama_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Zarginka na kan hanya, Malam. Farfesa Terence Dooley na Jami'ar Maynooth ya ƙirga gidajen da aka ƙone a gundumomi 26 da suka zama Jamhuriyar Ailan: 76 a yaƙin neman 'yanci daga Ingila, 199 a yaƙin basasa na 1922 zuwa 1923. Jimla 275 ke nan. Ka lura, yawancinsu bayan an sa hannu a yarjejeniya da Ingila aka ƙone su, lokacin da 'yan ƙasar ke yaƙar juna. Adadi ne mai yawa, amma bai kusa da rabin gidajen da suka salwanta ba. Mafi yawan kangayen da kake gani, masu su ne ko hukuma suka kware rufinsu da hannu tsakanin shekarun 1930 da 1960.

Ɗan_Gandu:
Kafin a kai ga wuta, a fara sanin me ke ciyar da gidan. Irin wannan gida ba ya samar da ko sisi. Yana zaune ne a tsakiyar gandu mai katanga, eka ɗari biyu, ɗari biyar, wani ma fiye da dubu: dajin shan iska, tafki, lambu, barga, gonar gida. Bayan katangar kuma sai ƙasar haya, eka dubu biyar, dubu ashirin, wasu har dubu ɗari. Manoman da ke kanta suna biyan haya sau biyu a shekara, 1 ga Mayu da 1 ga Nuwamba, a ofishin wakilin mai ƙasa. A wurare da yawa ana barin manomi da bashin wata shida a kansa kullum, kamar rangwame, amma igiya ce a wuyansa, don ranar da aka ga dama sai a nemi kuɗin gaba ɗaya.

A ƙarni na 18 mai ƙasa bai cika hulɗa da ƙaramin manomi ba. Yakan ba wani ɗan tsakiya haya mai tsawo, shekara 31 ko tsawon ran mutum uku da aka rubuta sunayensu a takarda. Ɗan tsakiya ya yanka ya ba wasu, su ma su yanka su bayar, har a kai ga lebura mai rubu'in ekar dankalin turawa da yake biya da ƙwadago. Lissafin gwamnati na 1876 ya nuna mutane ƙasa da 800 ne ke riƙe da kusan rabin tsibirin. Wannan haya ita ce rufin gidan, ita ce albashin kuku, ita ce gawayin murhu. Ranar da ta tsaya, gidan ya fara mutuwa ko ba a kyasta ashana ba.

Lauya_Bakatsine:
Ƙari a kan maganar Ɗan_Gandu, yadda ƙasar ta shiga hannunsu shi ne tushen gabar. An dasa baƙi daga Ingila da Sikotilan a Ulster, lardin arewacin tsibirin, daga 1609, Cromwell, shugaban sojan Ingila, ya ƙwace filaye bayan 1652 ya biya sojojinsa da masu binsa bashi da su, aka sake ƙwace wasu bayan yaƙin Boyne na 1690. A 1641 Katolika na riƙe da kusan kashi 59 cikin 100 na ƙasar, a 1703 ya koma kashi 14. Sai dokar 1704 ta zo: Bakatolike ba zai sayi ƙasa ba, ba zai karɓi hayar da ta wuce shekara 31 ba, in ya mutu a raba gonarsa tsakanin duk 'ya'yansa maza, sai fa in babban ɗa ya koma Cocin Anglika, to shi zai kwashe duka. Cikin zuriya biyu ko uku babbar gona ta zama gutsattsari.

Hajiya_Mai_Lalle:
To ke nan duk masu gidajen nan baƙi ne 'yan Furotesta?

Malama_Tarihi:
A'a Hajiya, yawanci dai. Gidan ɗan siyasa Daniel O'Connell na Derrynane a Kerry na Katolika ne. Iyalin Browne na Kenmare Katolika ne kuma suna cikin manyan masu ƙasa. Moore Hall a Mayo ma haka, da ribar cinikin da suka yi a Alicante ta Sifen aka gina shi a shekarun 1790. Shi kansa William Conolly da ya gina Castletown ɗan Donegal ne daga gida marar sarauta, ya yi arziki ta hanyar cinikin filayen da aka ƙwace bayan 1690.

Injiniya_Kt:
Tunda an ambaci Castletown, bari a ga yadda ake tsara su, don tsarin ne ya sa riƙe su ke da tsada. An fara Castletown a 1722 a Celbridge, gundumar Kildare. Alessandro Galilei, mutumin Italiya, ya zana fuskar, Edward Lovett Pearce ya ci gaba. Babban gini a tsakiya, baranda mai ginshiƙai ta lanƙwasa hagu da dama, kowace ta ƙare da ƙaramin gini: kicin a ɗaya, barga a ɗaya. An nisanta kicin ne saboda gobara da warin girki. Richard Cassels, Bajamushe, ya yaɗa wannan salo: Powerscourt, Carton, Westport, da Russborough a Wicklow wanda tsawon fuskarsa ya kai mita 210. Adon silin na Carton da wasu ɗakunan Russborough aikin 'yan'uwan Lafranchini ne, da hannu suka sassaƙa shi a jiƙaƙƙen yaɓe.

A cikin gida, ƙasan ƙasa na barori ne: ɗakin wanki, ma'ajiyar giya, ɗakin fitilu, ɗakin cin abincin 'yan aiki. Hawa na farko na baƙi, na biyu na kwana, can ƙarƙashin rufi kuma 'yan mata masu aiki. A Castle Coole da Lissadell da Rockingham an haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa daga farfajiyar barga zuwa gidan, don gawayi da nama da barori su shiga ba tare da mai gida ya hango su daga taga ba. A kicin ɗin Strokestown akwai baranda a sama, uwargida takan tsaya a kai ta jefo takardar abincin mako, ba ta taka ƙasan kicin.

Kayan gini ma ba na kusa ba ne kullum. Dutsen Castle Coole daga Portland a kudancin Ingila aka ɗauko shi a jirgin ruwa zuwa Ballyshannon, aka ja shi a amalanke zuwa tafkin Erne, aka sa a kwalekwale zuwa Enniskillen, sannan amalanke kuma.

Ɗan_Damagaram:
Ina jin ana ta yabon silin da ginshiƙi. A tambayi wanda ya biya. A Strokestown ɗin da Injiniya ya ambata, a 1847 Manjo Denis Mahon ya kwashi mutum 1,490 daga ƙasarsa. Da ƙafa suka bi gefen magudanar Royal Canal zuwa Dublin, kilomita 165, daga nan Liverpool, daga nan jirage huɗu zuwa Kanada. A jirgin Virginius kaɗai fiye da mutum 150 sun mutu a teku, wasu suka ƙarasa a tsibirin killacewa na Grosse Île. A Nuwamba na shekarar aka harbe Mahon. A Donegal kuma, Afrilu 1861, John George Adair ya kori mutum 244 daga Derryveagh, aka rushe ɗakunansu, bayan 'yan shekaru ya gina fadar Glenveagh. Jikokin waɗannan mutane ne ake so su yi kukan rufin gidan? Ni ban ga dalili ba.

Ɗan_Gandu:
Babu mai musun abin da ka kawo, Malam Ɗan_Damagaram. Amma a fahimci abin da ya tura korar, don dokoki biyu ne suka haɗu. Na farko, duk gonar da aka ƙiyasta darajarta a fam 4 ko ƙasa da haka, mai ƙasa ne ke biyan harajin ciyar da matalauta a kanta, ba manomi ba. Dankali ya ruɓe daga 1845, haya ba ta shigowa, haraji na hawa, sai mai ƙasa ya ga in ya rushe bukkar ya huta da harajin. Na biyu, sharaɗin Gregory na 1847: mai riƙe da fiye da rubu'in eka ba zai sami tallafin gwamnati ba sai ya saki gonar. Mutum da yunwa sai ya saki. Kuɗin jirgi zuwa Kanada ya fi ciyar da mutum shekara guda a gidan matalauta araha, wannan lissafin ne wakilin Mahon ya yi masa. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, kusan miliyan ɗaya suka bar ƙasar.

Kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. George Henry Moore na Moore Hall ya ci caca mai yawa da dokinsa Coranna a gasar Chester ta 1846, ya sayo hatsi da shanu ya raba wa manomansa.

Ɗan_Damagaram:
Kuma duk da haka an ƙone Moore Hall.

Malama_Tarihi:
An ƙone shi, 1 ga Fabrairu 1923, amma ba don haya ko yunwa ba. Kanal Maurice Moore, ɗan gidan, ya karɓi kujerar sanata a sabuwar gwamnati, masu adawa da yarjejeniya kuma sun sa gidajen sanatoci a gaba bayan gwamnati ta fara harbe fursunoninsu. A 'yan makonnin nan aka ƙone Palmerstown na Lord Mayo, Marlfield na John Bagwell, da gidan Horace Plunkett, mutumin da ya kafa ƙungiyoyin gama kai na manoma.

Akanta_Sule:
Ku bar ni in kawo ɓangaren bashi, don nan ne amsar Bazazzagi take. Yawancin waɗannan ƙasashe an ɗaure su da takardar gado: mai gida ci kawai yake yi, ba shi da ikon sayarwa, babban ɗa ne zai gada. A kan hayar kuma akwai kuɗin shekara na gwauruwar uba, rabon ƙanne maza, sadakin 'yan mata, da kuɗin ruwan jinginar da kaka ya ci don ya gina gidan. Wani kafin ya taɓa sisi, rabin haya ya tafi. Yunwa ta zo ta kayar da masu rauni, aka kafa kotun sayar da ƙasashen da bashi ya ci a 1849, cikin kusan shekara goma ta yi gwanjon eka kusan miliyan 5. Iyalin Martin na Ballynahinch a Connemara, masu eka kusan 200,000, a nan suka ƙare. Waɗanda suka saya yawanci 'yan Ailan ne, 'yan kasuwa da lauyoyi, kuma da yawansu sun fi tsofaffin tsanani wajen karɓar haya.

Waɗanda suka tsira sun sake cin bashi a shekarun 1860 da 1870 lokacin da shanu ke tsada. Sai 1879 ta zo da mummunar damina da faɗuwar farashi, Michael Davitt da Parnell suka kafa ƙungiyar manoma, aka daina biyan haya a wurare da dama. Dokar 1881 ta ba kotu ikon yanka haya ta tsaya shekara 15, aka rage kusan kashi 20 cikin 100. Haya ta sauka, kuɗin ruwan banki bai sauka ba.

Lauya_Bakatsine:
Dokar da ta yanke igiyar ita ce ta Wyndham, 1903. Ga yadda take aiki, da misalin lissafi. A ce manomi na biyan fam 20 a shekara, aka daidaita farashi a kan hayar shekara 22, fam 440 ke nan. Gwamnati ta biya mai ƙasa kuɗin a dunƙule, ta ƙara masa tukuicin kashi 12 cikin 100, ya zama kusan fam 493. Manomi kuma yana biyan gwamnati kashi 3.25 cikin 100 duk shekara har shekara 68 da rabi, wato fam 14 da sule 6. Ya sauka daga 20 zuwa 14 da ɗoriya, kuma gonar tasa ce. Wa zai ƙi? Tukuicin nan aljihun mai gida yake shiga kai tsaye, masu bin gado bashi ba sa taɓa shi, shi ya sa suka yi rububin sayarwa. Dokar ta kuma ba shi damar sayar wa hukuma gandun gidansa ya sake saye da bashi mai sauƙi irin na manomi. Kafin wannan akwai dokar Ashbourne ta 1885, shekara 49 a kan kashi 4, amma ba ta da tukuici.

Bazazzagi77:
To ranka ya daɗe, in sun karɓi kuɗi a hannu har da tukuici, me ya kayar da su? Ai sai in ce sun ci riba.

Akanta_Sule:
A 1903 kamar sun ci. Daga kuɗin sai an fara biyan jingina da rabon dangi, abin da ya saura a zuba a hannun jari. Da yawa sun zuba a kamfanonin jirgin ƙasa da takardun lamunin ƙasashen waje, ciki har da na Rasha da suka zama takarda kawai bayan 1917. Yaƙin 1914 ya ninka tsadar rayuwa da albashin barori, ya kuma kashe magada da yawa, ga harajin gado da aka kafa tun 1894 yana hawa. Gidan da uba ya mutu, ɗa ya mutu a fagen yaƙi bayan shekara biyu, sau biyu zai biya. Dokar 1898 ta riga ta karɓe mulkin gundumomi daga hannunsu ta ba zaɓaɓɓun kansiloli, su ne kuma ke yanka harajin gini. Sannan dokar 1923 ta sabuwar gwamnati ta sa sayarwa dole, ta ba Hukumar Ƙasa, wato hukumar raba filaye, ikon karɓar filin da babu ɗan haya a kansa, ta biya da takardun lamuni masu kashi 4.5 maimakon tsabar kuɗi. Gida mai ɗaki arba'in ya rage da eka ɗari uku. Eka ɗari uku ba ta riƙe wannan rufi.

Soja_Mai_Ritaya:
Kada a rage wa wutar nauyi dai. Yadda ake yi kusan iri ɗaya ne: mutum goma zuwa talatin su zo da dare, su ba mutanen gida minti goma sha biyar ko ashirin su fita da abin da hannu zai ɗauka. A tara kujeru da labule a tsakiyar ɗakunan ƙasa, a zuba kananzir ko fetur, a fasa tagogi don iska ta ja. Matakala ta zama bututu, wuta ta hau rufi, darma ta narke ta zubo. Motar kashe gobara na nesa, hanyoyi kuma an datse su da itatuwa. Dalilai sun bambanta. A 1921 ramuwa ce: sojan Ingila su ƙone gidajen manoma, IRA ta ƙone babban gida, kamar Moydrum a Westmeath. Wani don kada a mayar da shi bariki, kamar Summerhill a Meath a Fabrairu 1921. Mitchelstown a Cork, 'yan adawa da yarjejeniya suka zauna a ciki, da za su janye a Agusta 1922 suka cinna masa wuta, daga baya aka kwashi duwatsunsa aka gina majami'ar sufaye ta Mount Melleray. Wani kuma maƙwabta ne ke son a raba gandun, sun san in gida ya ƙone mai shi ba zai dawo ba.

Lauya_Bakatsine:
Kuma inshora ba ta biya ba, don takardun sun cire tarzoma da yaƙi. Dokar diyya ta 1923 takan haɗa da sharaɗin sai an sake gini a wurin, abin da kotu ke yankewa kuma ya gaza kuɗin ginin nesa ba kusa ba. Kaɗan ne aka sake ginawa, kamar Palmerstown.

Magini_Aminu:
Salamu alaikum. Ni ɓangaren rufi zan taɓa, don a ƙasar da ruwa ke sauka kusan duk wata, gidan da aka bari shekara biyar babu gyara ya kama hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rufin allon dutse ne, daga Wales ko Killaloe ko Valentia, kowane allo da ƙusa biyu a kan siririn katako. Allon kan yi shekara ɗari biyu, ƙusar ƙarfe ba ta kaiwa. In ta yi tsatsa, allo ya zame ɗaya bayan ɗaya. Gyaran gaskiya shi ne a sauke duka, a ware masu kyau ta hanyar ƙwanƙwasawa (mai lafiya yana ƙara, ruɓaɓɓe yana amo a dushe), a mayar da ƙusar tagulla.

Amma inda aka fi cutuwa shi ne magudana. Masu zanen ƙarni na 18 ba sa son a ga rufi daga ƙasa, sai su ɗaga bango ya ɓoye shi, ruwa ya bi kwatar darma da ke bayan bangon ko tsakanin rufi biyu. Darma tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi, don haka falle ɗaya bai kamata ya wuce kamar mita 2 ba, a haɗa su hawa-hawa da ɗan tsani na santimita 5. In aka shimfiɗa dogo ɗaya, sai ya tsage. Ganye ya toshe bakin indararo, ko hankaki su cika bututun hayaƙi da ƙirare, ruwa ya taru ya bi ta kan gungumen da ke cikin bango. Daga waje ba ka ganin komai.

Da zarar damshin katako ya wuce kashi 20 cikin 100 a wurin da iska ba ta shiga, funfunar da ke cin katako ta kama. Alamunta: wari kamar na lemar kwaɗi, jar ƙura a kan dabe, katako ya tsattsage gida-gida ya yi sauƙi a hannu. Jijiyoyinta na ratsa bulo da yaɓe su kai ga katakon wani ɗaki. Silin ɗin nan masu ado a kan siraran katakai suke rataye, in kan gungume ya ruɓe, silin ɗaya mai nauyin tan da yawa ya sauko dare ɗaya. Magani na farko ba feshi ba ne, a tsayar da ruwan, a buɗe dabe iska ta shiga, a tokare silin daga ƙasa da katako mai laushin shimfiɗa, sannan a yanke ruɓaɓɓen kai a haɗa sabo.

Kuskuren da ya ƙarasa gidaje da yawa a ƙarni na 20 shi ne siminti. An gina bangon da farar ƙasa, tana shan ruwa tana fitarwa. Siminti ya kulle damshin a ciki. Kwaɓin da ya dace shi ne awo ɗaya na farar ƙasa da ta kwana aƙalla wata uku a rami, awo uku na yashi mai kaifi, kuma ba a aiki da shi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.

Injiniya_Kt:
Madalla da Magini. Misalin ruwa da silin: gobarar Florence Court a Fermanagh, Maris 1955. Ruwan 'yan kwana-kwana ya taru a saman silin ɗin ɗakin cin abinci, sai aka yi dabarar huda 'yan ramuka a wurin da babu ado, ruwan ya tsiyaye, silin ya tsira. Powerscourt kuwa a Nuwamba 1974 ya ƙone ƙurmus, ya zauna babu rufi har 1996.

Malama_Tarihi:
Abin da Magini ya bayyana shi ya sa mutane suka riƙa kware rufi da kansu. Gini marar rufi ba a biyan harajin gini a kansa, kuma darma, allo, katako da murhun marmara duk suna da masu saye. Sai 1978 aka soke wannan haraji a kan gidajen zama. Hukumar Ƙasa ma in ta karɓi gandu ta raba wa manoma, gidan ba shi da amfani a wurinta. Coole Park na marubuciya Lady Gregory, gwamnati ta saya a 1927, aka rushe a 1941. Shanbally a Tipperary, aikin mai zanen gini John Nash, lafiyarsa ƙalau lokacin da hukuma ta karɓa a 1954, a 1960 aka tashe shi da nakiya. Wannan ya fi ƙona min rai a kan na 1923, don babu yaƙi, babu fushi, kuma magina da masassaƙan da suka yi aikin 'yan ƙasar ne.

Ɗan_Damagaram:
Malama, gwamnatin da 'ya'yanta ke tafiya Ingila neman aikin lebura dubu-dubu a shekarun 1950, da wane ido za ta ware kuɗin gyaran fada? Manomin da ya sami eka talatin daga gandun ya fi silin muhimmanci.

Malama_Tarihi:
A raba gandun, na yarda. Rushe ginin bai ƙara wa kowa eka ɗaya ba.

Uwar_Marayu_Jos:
Waɗanda suka tsira da yawa coci ne ya cece su, kuma nan abin ya taɓo mu. Dromantine a gundumar Down gidan iyalin Innes ne, ƙungiyar mishan Katolika ta SMA ta saye shi a 1926 ta mayar da shi makarantar horar da limaman coci har 1972. Limaman cocin da suka yi aiki a Kaduna da Jos, da yawansu daga can suka fito, su ne suka kafa St John's ta Kaduna wadda ta zama Kwalejin Rimi. Ƙungiyar St Patrick da ta yi aiki a Minna da Bauchi ma a gandun High Park na Kiltegan ta zauna. Haka Kylemore ya koma hannun sistoci a 1920, Emo Court hannun limaman Jesuit daga 1930 zuwa 1969, Ballyfin ya zama makaranta. Sun ɓata wasu ɗakuna da bangon raba aji, amma sun share magudana duk shekara, kuma a bayanin Magini wannan ne ke raya gini.

Mai_Taswira:
Ga mai son bin tarihin gida ɗaya, ga hanya. Fara da taswirar gwamnati ta inci shida ta shekarun 1830, gandu yana fitowa da inuwar toka-toka, za ka ga gida, lambu, ɗakin mai gadi da rumbun ƙanƙara. Ka kwatanta da ta inci 25 ta wajen 1900. Sai ƙiyasin darajar filaye na Griffith na 1847 zuwa 1864, yana ba da sunan mazauni, wanda ya ba shi haya, eka da darajar gini. Littattafan da ofishin ƙiyasi ya ci gaba da gyarawa sun fi amfani, don ana soke suna da tawada mai launi dabam kowace shekara, ranar da darajar gini ta faɗo daga fam 60 zuwa sifili ka san shekarar da aka kware rufi. Ƙidayar 1901 da 1911 na intanet kyauta: fom A na nuna barori da addininsu da inda aka haife su, za ka ga manyan barori galibi 'yan Furotesta ne, wasu daga Ingila ko Sikotilan. Fom B1 na ba da ɗakuna da tagogin gaba. Jami'ar Galway na da rumbun bayanan ƙasashen haya na lardunan Connacht da Munster.

Inda ake tuntuɓe: gobarar Four Courts, harabar kotunan Dublin inda ma'ajiyar takardun gwamnati take a lokacin, ta Yuni 1922 ta cinye wasiyyoyi da ƙidayoyin farko. Ofishin rajistar takardun ƙasa da aka kafa a 1708 ya tsira, amma da sunan mai bayarwa aka jera shi, ba mai karɓa ba. Kuma sunan ƙauye ɗaya kan maimaitu a gundumomi da yawa, sai ka haɗa da sunan Ikklesiya.

Hajiya_Mai_Lalle:
Yanzu wa ke riƙe da waɗanda suka rage?

Akanta_Sule:
Kashi-kashi ne, Hajiya. A Arewacin Ailan National Trust, ƙungiyar adana kayan tarihi, ta karɓi irin su Castle Coole a 1951. A Jamhuriya, a 2006 aka kafa Irish Heritage Trust. Castletown, Desmond Guinness ne ya saye shi da eka 120 a 1967 kan fam 93,000 bayan an yi gwanjon kayansa, gwamnati ta karɓa a 1994. Carton, Ashford, Adare, Dromoland da Ballyfin otal ne. Masu zaune a nasu, kamar iyalin Parsons na Birr, akwai sashe na 482 na dokar haraji: ka cire kuɗin gyara daga harajinka, da sharaɗin buɗe wa jama'a aƙalla kwana 60 a shekara, 40 daga ciki tsakanin Mayu da Satumba, awa huɗu a rana. Matsalarsa, sai mai samun kuɗi da yawa yake amfana, wanda ba shi da abin biyan haraji babu abin da zai cire.

Ɗan_Damagaram:
In za a kashe kuɗin jama'a, a yi irin na Strokestown. Kamfanin gareji na garin ne ya saye shi a 1979, aka tarar da takardun yunwa dubbai a ciki, har da wasiƙun roƙo na manoma, aka buɗe gidan tarihin yunwa a bargar a 1994. Mai shiga ya ga falo, ya ga sunayen waɗanda aka kora. Otal ba ya nuna maka wannan.

Soja_Mai_Ritaya:
Ni har yanzu ina ganin ana raina 1920 zuwa 1923. Gida 275 ne aka ƙone, amma iyalai nawa suka kulle nasu suka tafi Ingila saboda tsoro, ba su dawo ba? Waɗannan ba sa cikin lissafin wuta, kuma wutar ce ta kore su.

Akanta_Sule:
Ranka ya daɗe, a Ingila ba a yi irin wannan ƙone-ƙone ba, amma an rushe ɗaruruwa a shekarun 1950. Haraji da albashi iri ɗaya ne suka ci su.

Bazazzagi77:
Allah ya saka da alheri. Malam Mai_Taswira, in gidan yana cikin gundumomi shida na Arewa, littattafan ƙiyasin suna Dublin ne ko Belfast?

Mai_Taswira:
Belfast, a ma'ajiyar takardun gwamnatin Arewacin Ailan (PRONI), kuma an ɗora su a intanet daga 1864 zuwa farkon shekarun 1930. Na Donegal, Cavan da Monaghan kuwa suna Dublin tare da na sauran Jamhuriya, ko da yake su ma Ulster ne.